Kalmar "Tangarɗa" Ba Ta Isa Bayani Ba: Darasi Daga Rumfunan Zaɓen Sule Tankarkar

Gabatarwa

A ranar Asabar, 25 ga Fabrairun 2023, takardun sakamako uku ne ke gaban jami'in da ya shugabanci rumfar zaɓe a ƙaramar hukumar Sule Tankarkar bayan an kammala ƙidaya. Ta farko ita ce ta ɗan majalisar wakilai na mazaɓar Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Ta biyu ta sanatan Jigawa ta Arewa maso Yamma ce, ta uku kuma ta shugaban ƙasa. Ƙa'idar hukumar zaɓe ta INEC ita ce jami'in ya ɗauki hoton kowace takarda da na'urar BVAS, ya tura shi zuwa shafin IReV, inda duk mai intanet zai iya ganinsa. A faɗin ƙasar, takardun 'yan majalisa sun riƙa shiga ba tare da wata gargada ba, amma ta shugaban ƙasa ta ƙi. A bisa lissafin hukumar kanta, sai da ƙarfe 8:55 na dare takardar shugaban ƙasa ta farko ta samu shiga.

Abin da ya isa kunnen mai sauraron rediyo a Ɗanzomo ko Jeke game da wannan lamari bai wuce kalmomi biyu ba, wato "tangarɗar na'ura". Wannan maƙala na da ra'ayin cewa kalmar ta yi kaɗan, kuma ƙarancinta na da illa. Kuskuren manhaja yana da mazauni. Akwai layin da aka rubuta shi, akwai ranar da aka ɗora shi, akwai gwajin da ya kamata ya kama shi. Gano wannan mazauni aikin karatu ne da kwatanta matani, kuma masana Hausa na da rabo a cikinsa ta fuskoki uku: samar da kalmomin da za su rarrabe nau'o'in kuskure, samar da sunaye da haruffan da za a jarraba manhaja da su, da kuma matsa wa hukumomi su yi wa jama'a bayani da harshen da jama'ar ke ji.

Abin da Ya Faru a Cikin Na'urar

Cikakken bayanin INEC ya fito ne a rahoton babban zaɓen da ta wallafa a watan Fabrairun 2024, shekara guda bayan aukuwar abin. A taƙaice, hukumar ta ce ta tsara zaɓuɓɓuka 470 a rumbun bayananta: kujerun majalisar wakilai 360, na majalisar dattawa 109, da na shugaban ƙasa guda ɗaya. Kowace mazaɓar ɗan majalisa an jingina ta ga jiharta. Idan hoton takarda ya iso, manhajar kan fara tambayar jihar da zaɓen yake, sannan ta buɗe masa jakar ajiya a ƙarƙashin wannan jiha, jaka cikin jaka har zuwa rumfar da ya fito. Takardar Gumel da Sule Tankarkar ta amsa cewa ita ta Jigawa ce, ta wuce. Ta sanata ma haka. Zaɓen shugaban ƙasa kuwa mazaɓarsa ita ce ƙasar baki ɗaya, ba shi da jihar da za a jingina shi gare ta. Da manhajar ta nemi jiha ta rasa, sai ta kasa buɗe jakar, ta mayar da saƙon kuskure.

Injiniyoyin hukumar sun gano haka a yammacin ranar, suka yi wa manhajar faci na gaggawa. Sai dai kafin nan hotuna sun riga sun taru a layi, cunkoso ya rage saurin shigarsu. Daɗin daɗawa, hoton da ke jira a cikin BVAS ba ya tafiya sai na'urar tana kunne kuma tana samun sabis. Jami'ai da yawa sun riga sun bar rumfunansu, wasu na'urorin an kashe su, wasu kuma sun fita daga inda sabis yake. Kuskuren da ya ɗauki sa'o'i kaɗan kafin a gyara shi sai ya haifar da jinkirin kwanaki.

Abin lura a nan shi ne tarihin shafin. An fara amfani da IReV a zaɓen cike gurbi na Nasarawa ta Tsakiya a Agustan 2020, aka kuma yi amfani da shi a zaɓuɓɓukan gwamnonin Edo da Ondo a 2020, da Anambra a 2021, da Ekiti da Osun a 2022. Kowane ɗaya daga cikinsu zaɓe ne da ke cikin jiha guda. Ke nan zaton cewa kowane zaɓe yana da jiha ya shekara biyu da rabi yana fitowa gaskiya, har ya daina kama da zato. Idan aka ɗauki bayanin hukumar a yadda ta bayar da shi, takardar shugaban ƙasa ta gwaji guda ɗaya tak, da an tura ta ta wannan tsari kafin ranar zaɓe, da ta ci karo da bangon da takardun gaskiya suka ci karo da shi.

Yadda Manhaja ke Isa ga Na'ura

Domin a fahimci irin wannan kuskure, ya kamata a san hanyar da manhaja ke bi daga hannun marubucinta zuwa na'urar da jama'a ke amfani da ita. Mataki na farko shi ne harhaɗawa, inda ake tattara rubutun da masu tsara manhaja suka yi, tare da sassan da aka aro daga wasu, a mayar da su dunƙule guda da kwamfuta za ta iya gudanarwa. Na biyu shi ne jarrabawa. Na uku shi ne ɗorawa, wato kai wannan dunƙule kan manyan kwamfutocin da ake kira saba, tare da saitin da zai gaya masa inda rumbun bayanai yake da abin da aka yarje masa ya taɓa. A da, mutum ne ke bin waɗannan matakai da hannu. A yau ana rubuta su ne a matsayin jerin umarni, wanda za a iya kira rubutun umarni, na'ura ta riƙa zartar da su da kanta duk lokacin da aka yi sauyi. Manhajoji irin su Jenkins da GitHub Actions da Ansible aikinsu ke nan.

Amfanin rubutun umarni shi ne ba ya gajiya kuma ba ya mantuwa. Aibinsa shi ne abin da aka rubuta kaɗai yake yi. Idan jerin sabobin da aka ba shi bai cika ba, zai ɗora a kan waɗanda ya sani ya ce ya gama. Idan ba a umarce shi ya tsaya in wani mataki ya faskara ba, zai tsallake ya ci gaba.

Jarrabawar shiga jami'a ta 2025 ta nuna yadda hakan ke kasancewa. An fitar da sakamako a ranar 9 ga Mayu, koke ya yi yawa, sannan a ranar 14 ga watan magatakardan hukumar JAMB, Farfesa Is'haq Oloyede, ya fito ya amsa cewa an samu kuskure. Bayaninsa shi ne an yi wa manhajar jarrabawar faci, amma ma'aikatan ɗaya daga cikin kamfanonin da ke yi wa hukumar aiki ba su ɗora shi a kan wasu sabobi ba. Sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 ya gurɓata: cibiyoyi 65 a Legas, 92 a jihohin Kudu maso Gabas biyar. Aka sake musu jarrabawa daga ranar 16 ga Mayu. Mutumin Jigawa na iya ganin abin ya yi masa nisa, alhali kuwa hukumar ta raba aikinta rukuni biyu ne, KAD da LAG, kuma a bayanin magatakardan, Jigawa da Kano da Katsina suna cikin rukunin LAG, wanda a cikinsa ne abin ya auku. Ɗalibin da ya zauna jarrabawa a Gumel ko Dutse ya tsira ne saboda sabobin da suka rasa facin ba su ne ke kula da cibiyarsa ba.

Wannan ciwo bai taƙaita ga Nijeriya ba. A ranar 1 ga Agustan 2012, kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya shiga kasuwa da sabuwar manhaja da aka ɗora a kan sabobi bakwai daga cikin takwas. Ta takwas ɗin ta ci gaba da aiki da tsohon rubutu, kuma cikin kimanin minti 45 kamfanin ya yi asarar fiye da dala miliyan 400. Binciken hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ya gano cewa tun kafin a buɗe kasuwa na'urar ta aika wa ma'aikata saƙonni 97 masu nuni ga matsalar, ba a ɗauki mataki a kansu ba.

Bin Sawun Kuskure Karatu Ne

Mai bin sawun kuskure a rubutun umarni yana da tambayoyi da ba su cika sauyawa ba. Yakan fara da karanta saƙon da na'ura ta bayar, tun daga farkonsa, domin layin ƙarshe sau da yawa sakamako ne kawai na abin da ya karye tun a sama. Sai ya tambayi abin da ya sauya tsakanin lokacin da abin ke aiki da lokacin da ya daina. Daga nan ya ɗauko wurin da ke aiki da wanda ba ya aiki ya jera su, ya nemi bambancinsu. Bayan haka ya yi ƙoƙarin sake haifar da kuskuren da gangan a wurin gwaji, domin wanda bai iya tayar da kuskure ba, ba shi da tabbacin ya kwantar da shi. Idan ya gyara, sai ya tabbatar gyaran ya isa kowace saba, ta hanyar tambayar kowacce sigar da take ɗauke da ita. A ƙarshe ya rubuta abin da ya faru, ya kuma ƙara gwajin da zai kama irinsa nan gaba.

Mataki na uku shi ne ya warware lamarin IReV: takardun majalisa na shiga, ta shugaban ƙasa ba ta shiga, mene ne ya bambanta su? Mataki na biyar shi ne wanda aka tsallake a JAMB da Knight Capital. Na farko kuma shi ne saƙonni 97 da ba a yi aiki da su ba.

Duk wanda ya taɓa aiki da rubutattun waƙoƙin ajami a Gidan Arewa da ke Kaduna, ko a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ya san wannan hanya. Kwafe uku na waƙa guda kan zo hannun mai nazari, biyu sun dace a wani baiti, na ukun ya saɓa. Aikinsa shi ne ya jera su, ya gano ko mai kwafi ne ya tsallake layi saboda kalmomi biyu sun yi kama, ko kuwa gyara ne da marubucin ya yi daga baya wanda bai kai ga sauran kwafen ba. Ba ya rufe maganar da cewa takarda ta samu tangarɗa. Yana faɗin baitin, da kwafin, da dalilin da ya fi ƙarfi. Sabar da ba ta samu faci ba daidai take da kwafin da gyara bai kai gare shi ba, kuma ɗabi'ar da ake buƙata wajen gano ta ita ce wadda sassan Hausa suka daɗe suna koyarwa: karanta abin da aka rubuta, a bar abin da ake zaton an rubuta.

Sunayen Ƙasar Gumel a Bakin Na'ura

Kuskuren IReV ya samo asali ne daga zato game da tsarin zaɓe, ba shi da alaƙa da harshe. Amma akwai zace-zace irinsa masu yawa da ke kwance a cikin rubutun umarni, waɗanda Hausa ce ke tayar da su, kuma sunayen mazaɓun Sule Tankarkar sun isa misali.

Sunan ƙaramar hukumar kansa kalmomi biyu ne da giɓi a tsakaninsu. A harshen umarni na Bash, wanda ake rubuta ɗimbin rubutun ɗorawa da shi, giɓi alama ce ta rabuwar abubuwa. Idan marubuci ya umarci na'ura ta buɗe jaka da sunan kowace ƙaramar hukuma, kuma bai killace sunan da alamar zance ba, Gumel da Gagarawa da Maigatari za su samu jakarsu lafiya. Da an zo kan Sule Tankarkar sai na'urar ta buɗe jaka biyu, ɗaya Sule, ɗaya Tankarkar, sannan mataki na gaba ya nemi jakar da ba ta wanzu ba. Haka zai faru da Birnin Kudu da Kafin Hausa da Malam Madori. Ga kuma saɓanin rubutu: wani jeri ya raba sunan, wani ya sa masa karan ɗori, wani ya haɗe shi. A idon mutum wuri ɗaya ne, a wurin na'ura wurare uku ne.

Sai alamar hamza. 'Yandamo da 'Yankwashi suna farawa da ita, Sa'adatu da Mu'azu da Isma'ila suna ɗauke da ita a tsakiya. A harshen SQL, wanda ake tambayar rumbun bayanai da shi, wannan alama ita ce ke buɗe zance ta kuma rufe shi. Idan aka liƙa suna kai tsaye a cikin tambaya, hamzar sunan kan rufe zancen kafin lokacinsa, tambayar ta karye. Har ila yau, hamzar da ake bugawa a madannai, da lanƙwasasshiyar da manhajar rubutu ke mayar da ita, da wadda tsarin Unicode ya ware a matsayin harafi, lambobi uku ne mabambanta. Mai neman suna da ɗaya ba zai same shi ba idan an adana shi da wata.

Na uku su ne haruffa masu ƙugiya, kamar na Ɗanzomo da Ɗanladi da Ɗangwanki. Tsohon tsarin ASCII, mai alamomi 128, bai san ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba. A tsarin UTF-8 kowannensu na cin bayit biyu, inda harafin Ingilishi ke cin ɗaya. Manhaja kan yi aiki daidai a kwamfutar marubucinta, amma idan sabar da ke harhaɗa ta ba a saita ta kan UTF-8 ba, sai ta tsaya a kan harafin farko mai ƙugiya, ko ta mayar da shi alamar tambaya. Maganin da aka fi yi shi ne mafi sauƙi, wato a cire ƙugiyar. Da haka ne jerin sunaye na hukuma ke cika da Danzomo da Danladi, kuma da haka ne gazawar rubutun umarni ke rikiɗewa ta zama ƙa'idar rubutu ba tare da wani masani ya zauna a kanta ba. Harshen da ke bambanta baki da baƙi, da kafa da ƙafa, bai kamata saitin saba ya yanke masa wannan hukunci ba.

Ƙorafin da Za a Iya Yi

Mai ƙorafi na farko zai ce wannan aikin injiniyoyi ne, kuma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Gaskiya ne cewa masanin Hausa ba shi zai rubuta faci ba. Amma injiniya na jarraba manhaja ne da misalan da ya sani, kuma wanda ya koyi sana'arsa da littattafan da misalansu sunayen Turawa ne ba lallai ya tuna da 'Yandamo ba. Wanda ya san inda harshe ke da kusurwa shi ya fi cancanta ya nuna ta.

Na biyu zai ce saƙonnin kuskure da Ingilishi suke zuwa, kuma masu gyara sun iya Ingilishi, saboda haka fassara ɓata lokaci ce. Wannan ya manta da cewa masu gyara su ne 'yan kaɗan a cikin waɗanda kuskure ke shafa. Mai ƙuri'a da uban ɗalibi da wakilin jam'iyya a rumfa su ne masu yanke hukunci a kan ko za su yarda da hukuma. Idan kalmar da suke da ita guda ɗaya ce, to kuskuren saiti da katsewar sabis da kutse da maguɗi duk sunansu tangarɗa, kuma mai hankali zai zaɓi mafi muni ya ɗauka.

Na uku zai ce fallasa cikin manhaja buɗe ƙofa ne ga masu kutse. Akwai abin da ya kamata a ɓoye, kamar kalmomin sirri da adireshin sabobi. Bayanin dalilin kuskure baya cikinsu. Lokacin da wani sabuntawa na kamfanin CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci masu Windows kimanin miliyan 8.5 a ranar 19 ga Yulin 2024, kamfanin, wanda sana'arsa tsaro ce, ya fitar da bayanin farko cikin 'yan kwanaki, cikakken kuma a ranar 6 ga Agusta.

Ƙorafi na huɗu shi ne mafi nauyi: mutane da dama ba su yarda da bayanin INEC ba, suna ganin da gangan aka yi. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 26 ga Oktoban 2023 cewa rashin ɗora sakamako a IReV bai isa dalilin soke zaɓen ba, amma hukuncin kotu bai kawar da shakkar da ke zukata ba. Wannan maƙala ba ta da hurumin wanke hukumar ko kama ta da laifi. Abin da za a iya faɗa shi ne bayani mai ɗauke da lokaci da mataki da dalili ana iya bincikarsa, a nemi kundin aikin sabar a gwada shi da abin da aka faɗa. Kalmar tangarɗa kuwa ba ta da inda za a kama ta. Sanarwar da hukumar ta fitar washegarin zaɓe ta jingina matsalar ne ga faɗaɗa shafin daga zaɓen jihohi zuwa na ƙasa baki ɗaya, ba tare da ta fayyace abin da ya karye ba. Watanni goma sha biyun da suka biyo baya jita-jita ce ta cike su. JAMB, duk da girman ɓarnar da ta auku, ta faɗi adadi da cibiyoyi da dalili kwana biyar bayan fitar sakamako, kuma hakan ya sa muhawarar ta koma kan abin da za a iya aunawa.

Abin da Ya Kamata a Yi

Aiki na farko na kalmomi ne. Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, wanda ya fito a 1990, ya ba malamai damar koyar da nahawu da adabi da Hausa zalla. Ana buƙatar irinsa ga wannan fage, kuma abin da ya fi gaggawa shi ne kalmomin rarrabe kuskure. Aƙalla nau'i shida ne ke ɓuya a ƙarƙashin tangarɗa: kuskuren rubutu, inda umarnin kansa ya karkace; kuskuren saiti, inda umarnin daidai ne amma abin da aka gaya masa game da muhallinsa ba daidai ba ne; kuskuren ɗorawa, inda gyara bai isa ko'ina ba; cunkoso; katsewar sadarwa; da kutse. Ba sai an ƙirƙiro komai daga sama ba. Faci kalma ce da kowane mai babur ya sani, kuma ta dace da ma'anar sarai, har da ɗan abin da take nunawa na cewa gyaran wucin gadi ne. Cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, wadda ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, tana da gogewar jagorantar wannan aiki. A Jigawa kuma akwai Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, da Kwalejin Ilimi ta Gumel, da cibiyar koyar da fasahar sadarwa ta Kazaure, waɗanda za su iya zaunar da malamin harshe da malamin kwamfuta a teburi ɗaya.

Aiki na biyu shi ne jerin gwaji. Ɗalibin digiri na biyu zai iya tattara sunayen ƙananan hukumomin Jigawa 27 da mazaɓunsu, a rubuce bisa daidaitacciyar ƙa'ida, tare da kowace sigar da ake samu a takardun hukuma, ya ƙara da sunayen mutane masu hamza da ƙugiya, da sigar Nijar mai ƴ a inda Nijeriya ke rubuta 'y. Wannan na da muhimmanci a yanki irin Maigatari da Sule Tankarkar, inda rubutun ƙasashen biyu ke haɗuwa a kan iyaka. Idan aka sa jerin a inda kowa zai ɗauka kyauta, mai rubuta manhaja zai iya sa shi cikin matakin jarrabawa, ta yadda rubutun umarni zai ƙi ɗora duk sigar da ta karya sunan Ɗangwanki. Aiki ne mai arha, kuma ya cancanci a karɓe shi a matsayin bincike.

Aiki na uku shi ne neman bayani. Duk hukumar da manhajarta ta gaza a kan abin da ya shafi haƙƙin jama'a, ya kamata ta fitar da rahoto cikin ƙayyadadden lokaci, mai amsa tambayoyi biyar: me ya karye, yaushe aka sani, wa ya shafa, yaya aka gyara, wane gwaji aka ƙara. Ya kamata rahoton ya fito da Hausa da sauran manyan harsunan ƙasar a rana ɗaya da na Ingilishi, cikin sigar da za a iya karantawa a Rediyo Jigawa. Ƙungiyoyin masana harshe na da bakin da za su nemi haka, kuma su ne za su iya horar da masu fassara da 'yan jaridar da za su san bambancin saiti da ɗorawa.

Kammalawa

Zaɓen 2027 na tafe, jarrabawar JAMB kuma kowace shekara ake yin ta. Rajistar katin ɗan ƙasa da biyan albashi da neman gurbin karatu duk sun koma kan manhajojin da rubutun umarni ke harhaɗawa yana ɗorawa, kuma wasu daga cikinsu za su sake gazawa, domin babu manhajar da ba ta kuskure. Abin da ke hannun mutane shi ne yadda za a tarbi gazawar. Idan jama'a na da kalmomin da za su tambayi ko kuskuren na saiti ne ko na ɗorawa, da wace rana aka jarraba, da wa ya tabbatar facin ya isa kowace saba, jami'in da ke gaban makirufo zai san cewa kalma ɗaya ba za ta fitar da shi ba. Samar da waɗannan kalmomi, da koyar da su har su shiga bakin ɗan jarida da na mai sauraro, aiki ne da ya faɗo a kan sassan Hausa, kuma lokacin fara shi kafin a buɗe rumfunan zaɓe ne.